Tsokanar da na yi wa taubashina a intanet

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaune a gidanmu a Gazara ina jiran sakamako. In na gama aikin gida, waya ce abokiyar hirata. Akwai wani shafi da nake bi, wanda ke kawo labaran gem, wato wasannin kwamfuta da waya, da na mawaƙa da 'yan fim. Ni ban iya buga gem ba, abin da ke kai ni wurin shi ne sharhin da mutane ke yi a ƙasan labari. Kowa ya jefa tasa a yi dariya a wuce. Ni ma na saba jefa tawa, har akwai masu cewa 'yar Gazara ba ta da dama.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, a Makarfi yake. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini mummuna mai kan tulu, manya suna dariya suna zuga mu. Ya iya gem ɗin ƙwallo ƙwarai, har ya shiga wata gasa da aka shirya a Zariya ya kai wasan ƙarshe. Ran nan da hantsi ina tsince shinkafa sai na ga hotonsa a shafin, ana ta yabonsa. Wallahi daɗi na ji. Amma maimakon in yi masa addu'a, sai na rubuta cewa wannan ai bawan gidanmu ne, ko dara bai taɓa ci ba sai ya ɓoye dutse a aljihu, a bincike shi da kyau don maguɗi a jininsa yake. Na ajiye waya na ci gaba da aikina, ina jiran ya rama.

Bai rama ba. Magoya bayan abokin karawarsa ne suka ɗauki hoton rubutuna suka yi ta yaɗawa, wai ga 'yar uwarsa ta jini ta tona masa asiri. Waɗanda suka shirya gasar suka ce ya dakata sai sun bincika. Na koma na rubuta cewa wasan taubasai ne, haka muke yi a gida, amma wa zai saurare ni? Wasu suka ce an ba ni tsoro ne na janye, wasu ma ba su san mene ne taubashi ba. Aka buga wasan ƙarshe da wani, ba da shi ba. Daga baya aka ce ba a same shi da laifin komai ba, amma gasa ta riga ta wuce.

Sai nasa magoya bayan suka juyo kaina. Zagi kam babu irin wanda ban sha ba, har iyayena ba a bari ba. Da ma sunan garinmu na jikin sunana a shafin, kamar yadda muke rubutawa tun a makaranta. Wani ya turo mini hoton ƙofar gidanmu, ga tarin raken Baba a jingine, ya ce in ci gaba da surutu, sun san hanya. Mai cajin waya na unguwarmu ya gaya wa Baba cewa wasu samari biyu a kan mashin sun tsaya suna tambayar wace ce ni. Tun daga ranar ko ɗiban ruwa ban ƙara fita ni kaɗai ba, kuma har yanzu in na ji mashin ya tsaya a waje sai na shige ɗaki.

Gwaggo ta zo da kanta. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko a tsakar gidan nan aka rasa wurin wasa, da sai na kai ɗanta gaban mutanen da ba su san mu ba. Baba ya sa aka kai ni Makarfi na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya yafe, Allah bai nufa ba ne. Sannan ya gaishe ni, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, tamkar wata baƙuwa. Na zauna ina jiran ya zage ni ko sau ɗaya ne, bai yi ba. Har yau haka muke gaisawa.

Na gane cewa wasan da ke tsakanin 'yan uwa, waɗanda suka san mu ne kawai ke jin sa a matsayin wasa. Baƙo rubutu kawai yake gani, ba ya ganin fuskarki, bai san dangantakarku ba. 'Yan uwana mata da ke sharhi a shafukan nan, don Allah kafin ki tura, ki tambayi kanki yadda wanda bai san ku ba zai karanta shi, kuma ki cire sunan garinku daga shafinki. Ni na goge nawa rubutun tun ranar, amma jiya ma wata ƙawata ta ce ta sake ganin hoton rubutun yana yawo.