Gwiwar da Ban Kai Ƙasa Ba

Gidanmu na Ƙofar Dumi gidan mahauta ne, dambe kuwa a wurinmu gado ne. Bayan magariba kakarmu, Inna Talle, takan zauna gindin murhu tana narka kitsen da ya yi kwantai a kasuwa. Mu jikoki sai mu kewaye ta, wai tatsuniya muka zo ji, alhali idonmu na kan tukunya.

Wadda na fi so ita ce ta Tanko, ɗan damben da bai taɓa faɗuwa ba. A dambenmu na gargajiya babu igiya, 'yan kallo ne ke kewaye fili, kuma duk wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, wasa ya ƙare. Wata shekara bayan girbi, in ji Inna, Tanko ya gamu da wani ƙato a Zungur. Ƙaton ya yi ta tura shi har ya haɗa shi da mutanen garin su Tanko. Duk sanda ya yi luu zai faɗi, sai 'yan'uwansa su tallabe shi ta baya su miƙar da shi, ƙaton ya sake kirɓa masa. Har aka raba su bai faɗi ba.

A nan muke ɓarkewa da ihu muna naushin iska.

"Ja'irai, ku bari in kai ƙarshe mana!" Inna takan ce. "An kai shi gida a kafaɗa ana ta kirari. Uwarsa ta miƙo masa ruwa, ya dube ta ya ce, baiwar Allah, daga ina?"

Wannan ƙarshen bai taɓa zama a kaina ba.

Da na girma na shiga damben zamani, na safar hannu da igiya. Ranar zaɓen waɗanda za su wakilci jiha, a zagaye na biyu, abokin karawata ya matse ni jikin igiya. Na san abin yi sarai: a sunkuyar da haɓa, a rufe fuska, a zame gefe a juya shi. Ƙafafuna suka ƙi motsi. Numfashi ya gagare ni, tsoro ya kama ni.

Kocinmu yana ta ihu, "Sale, sa gwiwa! Sa gwiwa ka huta, takwas kawai za a ƙirga!"

Gaskiyarsa, a wannan wasan durƙusawa ba ita ce faɗuwa ba. Amma baffannina sun cika benci guda suna kallo. Na jingina, igiya tana maido ni gabansa, yana duka, tana maido ni. Kafin alƙalin wasa ya shiga tsakani, idona na hagu ya tafi.

Na daɗe ina jin haushin Inna a raina, kafin na yarda cewa ita ta faɗi labarinta har ƙarshe, ni ne na ɗauki rabin da ya yi mini daɗi. Har yau idan an taru a gida, baffannina da alfahari suke cewa Sale bai faɗi ba. Ni kuwa idan mai maganar ta hagu ya zauna, sai na juya kaina gaba ɗaya kafin in ga ko wane ne.