Gefen Takarda

Shekaru kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar Taraba aka turo ni Jalingo aikin binciken lafiyar yara. Iyalina suna Zariya. Na kama ɗaki ɗaya a unguwar Barade, katifa da risho da rediyo, sai tarin takardun tambayoyi da nake jerawa a kan benci saboda gara. Na yi irin aikin nan a Maraɗi da Garwa, har Sudan, amma ban taɓa zama inda nake wuni ina yi wa mutane tambaya ba mai tambayata komai kamar nan ba.

Aikin fensir ne da takarda. Kowace uwa shafi guda: haihuwa nawa, masu rai nawa, waɗanda suka rasu nawa, kowace amsa da ɗan akwatinta.

Wata rana da damina na je wata ruga kusa da Lau. Na tambayi wata mata da Fulatanci, ta ce haihuwarta uku, duka suna nan, ta nuna mini su. Na rubuta. Da na tashi tafiya, surukarta ta biyo ni har inda na ajiye babur.

"Malam, huɗu ne," in ji tsohuwar. "Ta farin, ƙyanda ta ɗauke ta bara. Ba za ta faɗa maka ba."

Na san wannan kunyar tun Garwa. Bafulatana ba ta kiran ɗan fari, ba ta lissafa shi a gaban baƙo, ko yana raye, balle ya rasu. Laifina ne da na manta. Amma ƙa'idar aikin ita ce abin da ya fito daga bakin uwa shi ake sawa a akwati. Sai na rubuta maganar tsohuwar a gefen takarda, da ƙananan baƙaƙe. A Maraɗi haka muke yi, mai haɗa lissafi ya karanta gefen, ya gyara.

A Jalingo kuwa an kawo kwamfuta, guda ɗaya, a ɗaki mai labule, ana lulluɓe ta da zane kamar jaririya. Mai buga takardunmu wata 'yar Mumuye ce mai fara'a. Ta ɗaga shafin, ta karkata kai.

"Baba, wannan inji ba ya san gefe. Abin da yana cikin akwati, shi zan buga."

"To yarinyar fa?"

"Kai da ka je Sudan, injin can yana karanta gefe? Ka kawo mini huɗu daga bakin mamanta kafin Jumma'a, in sa."

Gaskiyarta. Kuma ƙyandar nan ita aka turo mu nema. In yarinyar ba ta shiga ba, lissafi zai nuna ba a yi rashi a rugar ba.

Ran Laraba na koma. Hanya ta ɓaci, na tura babur ya fi na hau. Duk tafiyar ina shirya yadda zan yi tambayar ba tare da na sa uwar ta ambaci 'yar ba. Zan ce mata: da kika je gidanku haihuwar fari, wa kika goyo zuwa gida? Ko kalma ɗaya ta faɗa, ya ishe ni.

Na tarar ruga ta tashi. Ruwa ya fara cin fadamar, sun yi tudu da shanu. Sai turaku da toka da wata fasasshiyar ƙwarya. Wani manomi ya nuna mini gabas da fartanyarsa, ya ce shekaranjiya suka tashi. Na zauna a kan kututture na ci gyaɗar da ke aljihuna, na juyo.

Ran Jumma'a mai buga takardun ta buga uku. Ba ta yi mini tsiya ba, ta ce sannu kawai. Takardar ta bi 'yan'uwanta cikin buhu zuwa sito.

Yanzu jikata tana irin aikin da waya, ta ce kafin ta bar ƙofar gida amsa ta isa ofis, ba ruwan sama, ba gara. Na karɓi wayar na jujjuya, na tambaye ta inda ake rubuta abin da tsohuwa ta faɗa a bakin babur. Ta ce akwai wuri a can ƙarshe, amma ba ta cika kaiwa can ba.