Sufana da Wayar Birki

Shekara talatin da ɗaya Sufana ya yi yana gyaran keke a gindin katangar tashar mota, a tsugune, har mutane suka manta tsawonsa. Sufanar da ba ta barin aljihunsa ce ta ba shi suna. Hukuncinsa ɗaya ne a kan ’yan Adam: ba su san lallaɓa ƙarfe ba. Duk wanda ya kawo masa keke da tsinkakkiyar wayar birki sai ya sha faɗa kafin gyara.

Wata safiya ya sunkuya ɗaukar famfo, bayansa ya riƙe, wani zafi ya tsarga masa tun daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafar hagu. A asibiti aka ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ne ya goce, ya danne jijiya. Aka tura shi wurin likitar gashin ƙashi.

Kafin ya cika mako a kwance, maƙwabcinsa mai faci ya matso da bencinsa taku ɗaya cikin inuwar Sufana, wai yana tsare masa wuri. A tashar nan kuwa, wurin da aka tsare maka wata biyu ya zama na mai tsaron.

Ya tafi da shirin shan allura da matsa mai sa ƙato kuka. Sai likitar, wadda ba ta wuce sa’ar ’yarsa ba, ta zaunar da shi a bakin gado. Ta ce ya miƙe ƙafa yana ɗaga kai, ya sauke ta yana sunkuyar da kai, sau goma, a hankali, ya tsaya kafin zafi ya zo. Jijiyar ake so ta riƙa zamewa, in ji ta, ba a ja ta ba.

“Shi ke nan, ’yata?”

“Shi ke nan, Baba.”

A hanya ya ce wa matarsa kuɗin mota kawai suka ƙona, an koya masa gyaɗa kai irin na ƙadangare. Da suka isa gida ya gyara maganin. Ya ɗaura tsohon tib na keke a tafin ƙafa, ya ja iya ƙarfinsa, kai a ƙasa, sau ɗari, har gumi ya jiƙa masa riga. Kwana uku ko buta sai an miƙo masa. Labari ya zo cewa benci ya ƙara taku, har da injin iska.

Sai matar ta miƙe. Ta jawo wani keken da aka bari a tsakar gida, wanda birkinsa ya cije, ta kafa shi a ƙofar ɗaki inda zai gani. Ta kama hannun birkin da hannu biyu, ta dage tana matsa kamar mai matse wanki.

“Ke! Za ki tsinka ta!” Daga kwance yake faɗa. Ya ce wayar a cikin rigarta take, ta cije ne, a hankali ake yi mata, gaba kaɗan, baya kaɗan, har ta saki da kanta. Wanda ya ja da ƙarfi jaki ne.

“To, Malam,” ta ce. Ta sunkuya ta ɗauki tib ɗin, ta rataye a ƙusa, ta koma kan wankinta.

Ya daɗe yana kallon silin. Da la’asar ya lallaɓa bakin gado ya yi ƙadangarensa sau goma cif. Bai taɓa cewa matar ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta nema ba.

Bayan mako shida ya koma tasha da ’yar kujera, don likita ta hana dogon tsuguno. Ya tarar benci ya cinye rabin inuwa. ’Yan tasha suka taru jiran dambe. Sufana ya gaida mai faci, ya gode masa da tsaro, ya zauna. Da mutumin ya juya duba taya, sai Sufana ya sa ƙafa ya tura bencin kamu ɗaya wajen rana. Washegari ma haka. Duk ranar da mai faci ya tsargu, sai Sufana ya bar masa bencin ya huta.

A kwana na goma sha biyu mai faci ya ɗaga kai yana share gumi, yana tambayar yaushe rana ta fara zafi haka a wurin nan.