Akwatin da ba shi da makunni

A kamfanin lemon kwalba da na yi aiki a Challawa, ni ne mai zagayen ranar Juma'a. Kafin a tafi masallaci sai na tabbatar an kashe duk wata wuta: tukunyar tururi, gas ɗin masu walda, har rishon mai shayin bakin ƙofa nakan leƙa, ko da yake ba hurumina ba ne. In na gama sai in tsaya gaban manaja in ce, "An kashe komai." Sannan a rufe.

Wata rana aka kafa wani ƙaramin akwatin ƙarfe a kan layin kwalabe, ɗauke da wata alama rawaya mai kama da fanka. Shi ke duba ko kwalba ta cika. Wani direbanmu ɗan Filato, sarkin tsokana, ya ce min, "Malam, nukiliya ce a ciki fa. Irin wadda kake ji a rediyo."

Ranar ko abinci ban iya ci ba. Da Juma'a ta zo na nemi makunninsa sama da ƙasa, babu. Sai na jiƙa buhu zan lulluɓe shi. Injiniyan kamfanin ya riƙe min hannu.

"Baba, me za ka yi?"

"Iska zan hana shi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wutar tukunya mai ne ke haɗuwa da iska, in an raba su ta mutu. Wannan kuwa ba ci yake ba. Ƙwayar abin da ke ciki ce take ɓarewa da kanta daga tsakiya, a hankali, ba ruwanta da iska, ba ruwanta da jiƙaƙƙen buhu. Akwai murfin dalma da ake ja, ba zai taɓa kowa ba.

"To yaushe zai mutu?"

"Sai dai jikokinka su gani."

Na je wurin manaja na ce, "An kashe komai, ban da guda ɗaya."

"Malam, an ja murfin. Ka ce komai kawai, liman ya kusa fara huɗuba."

"Yallaɓai, an rufe shi ne, ba a kashe ba. Ba zan yi ƙarya da alwalata ba."

Juma'a uku muna haka, ma'aikata na tsaye da dardumominsu suna hararata. A ta huɗu kwamitin kiyaye haɗari ya zauna, aka mayar da ni gadin ƙofar baya.

Wanda ya gaje ni tun sha ɗaya yake cewa an kashe komai, daga kan benci. Kwamiti ya yaba da saurinsa.