Leɓen Ɗiyata da Hannun Inna

An haifi ɗiyata ta uku a Maiyama, cikin shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Ina koyarwa a firamare a lokacin. Ungozoma ta fito ta yi mini barka ƙasa-ƙasa, ta ƙi haɗa ido da ni. Da na shiga na ga dalili. Leɓen yarinyar na sama a tsage yake, tun daga baki har ƙofar hancin hagu. Ban da wannan lafiyarta lau, kukanta ma ya fi na yayyenta ƙarfi.

Kafin suna mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta iso daga Jega da ƙullin kayanta. Ta ce da an yi arba'in za ta koma. Wata takwas ta yi.

Kowa ya zama likita a gidan nan. Wata ta ce matata ta fita waje ranar da wata ya yi husufi. Wata ta ce wuƙa ta tsallake da ciki. Surukina ya aiko daga Aliero cewa a kawo yarinya, tunda garinsu ba a rasa masu ɗori. Na mayar masa da amsa cikin ladabi cewa leɓe ba ƙashi ba ne. Ana cikin wannan surutu yarinya ba ta iya kama nono, sai matata ta tatsa cikin kofi ta riƙa ɗura mata da cokali, rabi ya shiga, rabi ya dawo ta hanci.

Malamin asibitin garinmu ne ya gaya mini akwai likita a birni mai ɗinke irin wannan. Yarinya tana da wata huɗu muka kai ta. Likitan dattijo ne marar son hayaniya. Ya ɗaga leɓen da yatsa, ya daɗe yana dubawa. Gefen tsagar ya yi ja, ya kumbura, yana ɗan tsattsafo da ruwa.

"Me kuke shafa mata?"

Na ce ba komai.

Ya ce, "Malam, naman wannan wuri ba kamar sauran ba ne. A buɗe yake, iska na bugunsa, nono na jiƙa shi. Jiki yana ɗaukarsa kamar rauni, kullum yana turo masu tsaronsa wurin. Abu kaɗan ya taɓa shi sai ya hasala ya kumbura. In na ɗinke shi a haka, zaren zai yaga naman, mu koma baya." Ya ba mu man shafawa, ya ce a riƙa goge wurin da dafaffen ruwa kawai, mu dawo bayan wata guda.

Na dawo gida na zaunar da Inna, na yi mata bayani dalla-dalla kamar ina gaban allo. Ta ce, "To, Allah shi ba da lafiya." Da na san wannan "to" ɗin, da ban yi murna ba.

Zuwanmu na biyu leɓen ya ƙara kumbura. Likita ya sunkuya, ya shinshina, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Albasa," in ji shi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A mota, mun kusa Jega, matata ta buɗe baki. Ashe kullum na fita makaranta Inna ke matse ruwan albasa, ta kwaɓa da man shanu da 'yar kanwa, ta shafe wa yarinya leɓe. Kafin in dawo ta goge.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Malam, uwarka ce. Ni in ce mata mi?"

Na sami Inna tana tsince wake. Na yi iya ƙoƙarina in sassauta murya, amma ban iya ba.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da wanga magani na warkar maka da miki ga ƙafa. Ga ka nan tsaye bisa ita kana yi mini tsawa."

"Inna, likita ya ce..."

"Likitan ya taɓa goyo?"

Na ɓoye kwalbar man shanu, ta aro wajen maƙwabta. Na ce kada albasa ta ƙara shiga ɗakin da yarinya take, sai ga buhu guda daga surukaina na Aliero, wai a yi miya. Sau huɗu ina maimaita mata maganar likita, har da zane a ƙasa. Kowane lokaci ta ce "to". Na kai ga ina koyar da yara lissafi hankalina yana gida, ina tunanin me ake shafawa yanzu.

Da dabara ta ƙare mini, zuwa na uku na tafi da Inna. Na ce a raina likita ya yi mata faɗan da ni ba zan iya ba. Bai yi ba. Ya ba ta kujera, ya gaishe ta, ya tambayi mutanen Jega. Sannan ya ce, "Inna, in kin yanke yatsa kina yanka albasa, me kike ji?"

"Raɗaɗi."

"Ita ma abin da take ji ke nan, sai dai ba ta da bakin faɗa."

Inna ta dubi jikarta. Can ta juyo gare ni ta ce, "Ai da an yi mini bayani haka tun farko."

Na fita waje na tsaya ƙarƙashin dalbejiya har zuciyata ta sauka.

Daga ranar Inna ta zama soja. Ita ke dafa ruwan, ita ke gogewa. Maƙwabciyar da ta zo da ƙullin garin magani, a bakin ƙofa ta sallame ta. Ni kaina sai na wanke hannu a gabanta kafin in ɗauki ɗiyata, tana yi mini wa'azi kan naman da ke saurin fushi. Cikin mako uku kumburin ya saɓe, aka sa mana rana.

Da safen aikin likita ya kawo mini takarda. Ya ce zai gyare gefen tsagar kafin ya haɗa, kuma yana roƙon in bar masa ɗan guntun da zai cire, wanda bai fi ƙwayar dawa ba. Yana so ya duba shi a madubin asibiti mai ƙara girman abu, ko ya gane abin da ke sa irin wannan nama saurin kumburi, don yaran da za su zo gaba. Inna ta miƙe tsaye.

"Naman ƙawata za a sa cikin kwalba? A ba ni abina in binne!"

Na lallashe ta, likita ya lallashe ta, masu jiran layi suka sa baki, rabi suna bayanta. Na ɗauki biro na sa hannu. Ta juya mini baya har aka shiga da yarinya.

Bayan azahar aka kira mu. Yarinya tana barci, leɓen ya haɗe, baƙin zare a jere daga baki zuwa hanci. Na tsaya ina kallon fuskar da ban taɓa gani ba. Matata ta toshe baki da gefen mayafi.

Inna ta matso, ta sunkuya, ta duba ta dama, ta duba ta hagu.

"Ya ɗan karkace," in ji ta. "Da ni aka ba allurar, da ya fi haka miƙewa."

Matata ta fashe da dariya, hawaye na zuba, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu rage murya.