Randar da Iya Ladi Ta Ɓoye Ni

Ranar wata Laraba ce, farkon damina, shekarar da na cika takwas. Ina korar awaki daga shanyar rogo sai muka ji kukan mota ta wajen rafi. Gida bakwai ne mu a bayan Maje, tsakiyar gonakin doya, kuma mota ba ta taɓa kawo mana alheri ba. In ba masu haraji ba, to masu awon fili. Kafin in juya, kakata Iya Ladi ta sure ni ta zura a randa, ta sa ƙanwata Talatu a ta kusa, ta rufe mu da faifai. Ashe masu rigakafi ne.

Iya maginiyar tukwane ce. Mu ke ɗebo mata yumɓu a bakin rafi, mu tattaka shi da ƙafa har tafinmu ya yi fari, mu tara karan dawa na gashi. Bayan ɗakinta randuna ne jere, wasu sun kusa kai ni tsawo, a cikinsu muke wasan ɓuya. A wannan shekarar kyanda ta shigo ta ɗauki yara biyu a maƙwabtanmu, amma Iya ta rantse ba mai huda mata jika. Cewa take, "Wanda bai taɓa tambayar me muka ci ba, yau shi zai ba mu magani kyauta?"

Motar ta koma ba ta ga yaro ko ɗaya ba. Bayan kwana uku sai ga wata mata a ƙasa, goyo a baya, kular allura a hannu. Sista Rifkatu ce, 'yar kudancin Kaduna, ma'aikaciyar asibiti a cikin gari. Iya na hango kular ta sake cusa mu. Matar ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce tana son ganin randuna. Ta bi su tana ƙwanƙwasawa da yatsa kamar yadda mai saye ke yi, don lafiyayyar randa kuka take kamar ƙararrawa. Da ta zo tawa sai ta ji dum. Ta ce, "Iya, wannan ba ta tsage ba, amma numfashi take." Talatu ta tuntsire da dariya daga cikin tata.

Matar nan ba ta taɓa faifan ba. Ina leƙe ta gefe, ta kwance goyonta ta ɗora wa Iya a cinya, ta yi masa allurar a nan. Iya ta jijjiga shi har ya yi shiru, sannan ta tashi ta buɗe mu da hannunta. "Fito, ja'iri, kar jariri ya fi ka zuciya." Aka yi mana allurar, kyandar ta gama zagayenta ba ta taɓa mu ba.

Lokacin korona ina tuƙa keke Napep a Kwamba. Mota ta riƙa wucewa da lasifika ana kiran mutane rigakafi, fasinjoji masu boko suna ce mana jahilai, ni kuwa na ce ba zan yi ba, ga hawan jini, ga yara biyar. Talatu ce ta zo har gida da katin rigakafinta, ta ƙwanƙwasa mini ƙirji da yatsa ta ce, "Yaya, har yanzu kana ciki?" Washegari na je.

Yanzu gidaje masu katanga sun cinye gonakinmu, ruwa kuma a durom ɗin roba ake zuba shi. Iya ta daɗe da rasuwa, Sista ban san inda take ba. Masu lasifika suna nan da yawa. Mai zuwa a ƙasa ta durƙusa ta gaida tsohuwa ce na daina gani.