Wutar da Na Kunna a Burtalin Korbongou

Malam edita, a ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina. A shekarun da Togo ta rikice da yajin aiki da zanga-zangar neman jam'iyyu, ni saurayi ne ɗan Komah ta Sokodé, mai shegen taurin kai, ina aikin gandun daji a Dapaong. Kakin jikina kaɗai ya isa a tsane ni, don talaka ya sha wuya a hannun masu irinsa, wannan ba na musu.

Wata rana da hantsi wutar mafarauta ta ƙwace a dajin Korbongou, iska na koro ta gari. Abokan aikina duk suna yaji, ba mota, ba ruwa, sai ni da 'yan magidanta riƙe da ɗanyen ganye. Irin wannan wuta ba ta jin duka, sai dai ka kunna wata a gabanta ta cinye ciyawa, in ta iso ta rasa abin ci. Wuri biyu za a iya kunnawa, bakin rafi can nesa, ko burtalin shanu da ke gindin gari. Tsakaninsu kuwa gonar wani tsoho ce, dawarsa ta shekara na jibge bai kwashe ba. Na dubi hayaƙi, na waiwayi rufin ciyawa da yara a bayana, na ga wuta za ta riga mu isa rafi. Na kunna a burtali. Dawar tsoho ta ƙone ƙurmus, sai kuma iska ta kwanta, wutar dajin ta mutu da kanta ba ta ko ƙetare rafin ba.

Ai kuwa gari ya ɗauka. 'Ya'yan tsohon nan 'yan adawa ne, aka ce gwamnati ce ta turo ni. Na tsere Sokodé, ashe labari ya riga ni, har a masallaci wasu suka daina ba ni hannu. Kowa ya zama gwanin wuta, har waɗanda ko murhu ba su iya hurawa ba.

Ina cikin wannan baƙin ciki wasu masu bincike daga jami'a suka same ni a gidan yayana a unguwar Kpangalam. Na ce in laifi suke nema su bi layi. Shugabarsu, wata malama, ta ce su ba jandarmomi ba ne, so suke su san abin da mutum ke gani yake aunawa lokacin da wuta ke ci, don kowa sai toka ta huce yake ba da labari. Ta nemi mu koma in tsaya inda na tsaya, ta kuma gayyato tsohon.

A burtali ta yi ta tambaya: ina iska ta dosa, mutum nawa gare ni, me na fi tsoro. Da na ambaci kwanciyar iska sai ta katse ni, ta ce a lokacin na san za ta kwanta? Na ce wallahi ban sani ba. Sai ta juya ga tsoho, ta ce Baba, da kai ne fa? Ya daɗe yana duban rafi, ya dubi ɗakunan jikokinsa. Ya kira ni ɗansa, ya ce shi ma a nan zai kunna, amma wannan bai sa ko ƙwaya a tukunyarsa ba. Na ce Baba, yunwarka ta ƙona mini rai, amma ba zan ce na tuba ba. Bai ba ni hannu ba, bai kuma sake zagina ba.

Malamar ta tafi da abin da za ta koya wa wasu, ni kuma na koyi daina sunkuyar da kai. Masu yanke hukunci daga inuwa, ina jan kunnenku, ku je ku tsaya inda mutum ya tsaya, ku manta da abin da kuka ji daga baya, sannan ku buɗe baki. Tsoho ya rasu, Allah ya jiƙansa, dawarsa na damuna har gobe. Amma a mayar da ni burtalin nan, iskar nan na dukan fuskata, yaran nan na bayana, ashana zan sake ƙyastawa.